Tambaya: Zan iya barin takin zamani in koma naman gwari na ƙasa?

Salam Malam, ni manomi ne a Kujama, ina noma masara hekta biyu. Bana kuɗin taki ya fi ƙarfina, sai wani ya kawo min wata hoda a leda ya ce maikoraiza ce, in jiƙa ta a duro da ruwan rake kwana bakwai ta hayayyafa in zuba a gona, wai na rabu da kamfa da yuriya har abada. Kuɗin da na ajiye na taki nake son in ba shi, amma gabana yana faɗuwa, iyali goma sha ɗaya ne a kan gonar nan.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, dan Allah kar ka ba shi kuɗin nan. Maikoraiza gaskiya ce, wani irin naman gwari ne da ke zama a saiwar tsirrai, a cikin ƙasarka ma tana nan tun kafin a haife ka, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na tsirrai suna zama da ita. Tana shiga cikin saiwa ta miƙa zare siriri wanda ido ba ya gani zuwa inda saiwar ba ta kaiwa, ta jawo wa shukar sinadaran abinci irin su fosfaras da zink da ɗan ruwa, ita kuma shukar ta biya ta da sukarin da ganye ya haɗa. Toh amma ka lura, ɗauko abin da ke cikin ƙasa take yi, ba ta ƙirƙirar komai. Ƙasarmu ta nan daga Chikun har Saminaka an yi shekara da shekaru ana masara kan masara, ta gaji, idan rumbu ba komai ko wa ka aika hannu biyu zai dawo.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne maganar yuriya, kusan kullum sai an zo min da ita. Naitirojin shi ne sinadarin da yuriya ke ba shuka, kuma maikoraiza ba ta kama shi daga iska, ko kaɗan. Wannan aikin bakteriya ne, raizobiyom, masu yin ƙulu-ƙulun nan a saiwar waken soya da gyaɗa da wake, in ka fasa ɗaya da farce ka ga cikinsa ja-ja to yana aiki. Masara ba ta yin su. Shawarar da ake ba manoman yankinmu wajen kilo 120 na naitirojin ne a hekta, buhun yuriya mai kilo 50 kuwa kilo 23 kacal ke cikinsa, ka yi lissafin da kanka ka gaya min ta ina ledar hoda za ta cike wannan. Na tsaya a gonar wani dattijo wajen Igabi a watan Agusta, shi ma haka aka yi masa, masara iya gwiwa, ganyen ƙasa ya yi rawaya daga baki yana bin tsakiya, goyon bai kai tsawon yatsa ba. Yana murza ganyen a hannu yana tambayata ko akwai abin da za a yi, wallahi lokaci ya riga ya wuce. Wanda ya sayar masa kuma wayarsa a kashe.

Sannan zancen duro, wannan kaɗai ya isa ka gane mutumin bai san abin da yake sayarwa ba. Irin wannan naman gwarin ba ya hayayyafa sai a jikin saiwa mai rai, masu bincike ma a tukunya suke shuka dawa ko masara su raine shi a kai na tsawon watanni. Kumfar da za ka gani a duronka yis ne da wasu ƙwayoyin. Kuma abu ne mai rai, ledar da ta wuni a rana kan tebur a Kasuwar Bacci ko a bayan mashin, da wuya a samu sauran numfashi a ciki. Ko a Amurka da Turai da aka gwada na kanti an tarar da yawa ba sa aiki, balle wanda ba suna ba kwanan wata ba lambar rajista. Akwai dokar kula da ingancin taki tun 2019, amma je ƙauye ranar kasuwa ka ga abin da ake shimfiɗawa a tabarma.

Abin da zan ce ka yi, ka sayi takin da kuɗinka ya kai, ka tattara shi a hekta ɗaya ka binne kusa da gindi, kar ka watsa shi a biyu. Ɗayar ka sa waken soya da ɗan sufa (takin fosfaras), in ka samu Nodumax, hodar raizobiyom ta cibiyar binciken noma ta IITA, ka shafe irin da shi, baɗi sai ka juya. Ita kuma maikoraizar da ke gonarka kyauta, ka daina ƙona kara, ka rage yawan haro don yana tsinke zaren, ka zuba kashin kaji ko na shanu wanda ya ruɓe, kuma kar ka cika fosfaras fiye da kima don shuka in ta ƙoshi ba ta kula ta. In har ranka na son gwada hodar, kunya biyar ta isa, kusa da wasu biyar da ba ka sa ba, a auna da kaka a gaban malamin gona na yankinku.