Tambaya da Amsa: Sabunta Lasisin Riƙe Bindiga na Wata Jiha a Amurka

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni direban babbar mota ne a Amurka, kuma ina da takardar zama ta dindindin, wato girin kad. Lokacin da nake zaune a jihar Merilan na karɓi lasisin ɗaukar ƙaramar bindiga a ɓoye daga jihar Yuta, irin wanda suke bai wa waɗanda ba mazauna jiharsu ba, domin a wancan lokaci ba a samun na Merilan sai mutum ya kawo ƙwaƙƙwaran dalili. Yanzu na kwaso iyalina mun koma Kolombus a jihar Ohayo, kuma saura wata huɗu wa'adin lasisin ya cika. Abokan aiki sun raba mini hankali. Wasu sun ce in bar shi ya mutu tunda Ohayo ba ta neman lasisi, wasu kuma sun ce in shiga intanet in biya kuɗi kawai a aiko mini da sabo. Lodi yana kai ni Mishigan da Fensilbeniya, wani lokaci har Niyu Jazi. Me ya kamata in yi? Daga wani mai karatu a Kolombus.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kowane ɓangare na abokan aikinka ya faɗi gaskiya amma bai cike ta ba, kuma a irin wannan lamari abin da aka bari ba a faɗa ba shi ke kai mutum gaban alƙali. Shawarata ita ce ka fara neman lasisin Ohayo tun wannan makon, sannan daga baya ka duba ko na Yuta yana da sauran amfanin da zai sa ka sabunta shi.

Waɗanda suka ce ka biya kuɗi ta intanet sun yi daidai a kan tsarin da aka saba. Hukumar BCI mai binciken tarihin masu laifi, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar tsaron jama'a ta Yuta, ita ke ba da wannan lasisi na shekara 5, kuma tana karɓar buƙatar sabuntawa daga kwana 90 kafin ranar ƙarewa. Ana neman sabon hoto irin na fasfo, da kuɗin sabuntawa, da shaidar cewa ka kalli wani gajeren bidiyo kan kiyaye bindiga da hana mutum kashe kansa, sai su kuma su sake bincika tarihinka ko akwai wani laifi. Ba za a sa ka maimaita ajin horon bindiga ba matuƙar lasisin bai wuce shekara guda da mutuwa ba. Idan ya wuce, sai ka koma farko kamar wanda bai taɓa riƙe shi ba. Wannan rangwame na shekara guda na cike takardu ne kawai, domin daga ranar da aka rubuta a jikin katin ba ka da lasisi, ko da kuwa ka riga ka tura buƙatarka kana jiran amsa.

Abin da suka manta shi ne ƙaurar da ka yi. Tun daga dokar da majalisar Yuta ta yi a 2011, duk wanda ke zaune a jihar da take amincewa da lasisin Yuta dole ne ya fara mallakar lasisin jiharsa, ya haɗa kwafinsa cikin takardun nema, kuma sharaɗin ya shafi masu sabuntawa. Merilan ba ta amincewa da lasisin Yuta, shi ya sa ba a tambaye ka komai ba a karon farko. Ohayo kuwa tana amincewa da shi, saboda haka da zarar ka rubuta adireshinka na Kolombus, kwafin lasisin Ohayo ne abu na gaba da za a nema. Na san za a samu mai ce maka ka bar tsohon adireshin Merilan a kan takardar don ka tsallake wannan sharaɗi. Kada ka saurare shi, domin ba da bayanin ƙarya a takardar neman lasisi laifi ne mai zaman kansa, kuma lasisin tuƙinka na Ohayo zai ƙaryata ka a gaban ɗan sandan farko da ya riƙe katunan biyu a hannu ɗaya.

Waɗanda suka ce Ohayo ba ta neman lasisi su ma ba su yi ƙarya ba. Tun ranar 13 ga Yuni, 2022, wanda ya kai shekara 21 kuma doka ba ta hana shi mallakar bindiga ba yana iya ɗaukar ta a ɓoye a cikin jihar ba tare da takarda ba, kuma zuwa 2024 jihohi 29 ne suka bi irin wannan tsari, ciki har da ita kanta Yuta tun 2021. Sai dai wannan sassauci yana tsayawa ne a kan iyakar jihar, kai kuma sana'arka ta tsallaka iyaka ce. Ofishin sherif, wato shugaban jami'an tsaro, na gundumar da kake zaune, ko na gundumar da ke maƙwabtaka da ita, shi ke ba da lasisin Ohayo, bayan horo na awa 8 wanda aƙalla awa 2 daga ciki a filin harbi ake yin su da harsashi na gaske. Ajin da ka yi na Yuta ba zai wadatar ba, domin Yuta ba ta wajabta harbi a filin horo. Doka ta bai wa sherif har kwana 45 kafin ya yanke hukunci a kan takardunka. Idan ka haɗa wannan da lokacin samun gurbin aji, da kuma makonnin da kake yi a kan hanya ba ka gida, za ka ga wata huɗun nan ba su da yalwar da kake zato.

Akwai dalilin da ya fi na Yuta ƙarfi da ya sa nake tura ka wajen sherif. A matsayinka na direba ka saba da lasisin tuƙi wanda duk jihar da ka shiga take girmama shi, kuma yawancin baƙi suna ɗauka lasisin bindiga ma haka yake. Ba haka ba ne, kowace jiha ce ke zaɓar wa za ta amince da shi, kuma wasu suna duba inda mai katin yake zaune kafin su duba katin. Mishigan tana karɓar lasisin baƙo ne kawai idan jihar da yake zaune ce ta ba shi. Haka Kolorado, haka Fensilbeniya take yi da lasisin Yuta. Ma'ana, mazaunin Ohayo da ke ɗauke da katin Yuta kaɗai ba shi da kariya a biyu daga cikin jihohi ukun da ka lissafa, alhali katin Ohayo zai yi masa aiki a cikinsu. Ka kuma riƙe cewa a Mishigan wajibi ne ka sanar da ɗan sanda nan take cewa kana ɗauke da bindiga idan ya tsayar da kai, ba sai ya tambaya ba.

Niyu Jazi kuwa babu katin da zai amfane ka a cikinta, na Ohayo ne ko na Yuta, kamar yadda yake a Niyok da Merilan da Kalifoniya. Hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Bruen, na ranar 23 ga Yuni, 2022, ya hana jihohi neman mutum ya kawo dalili na musamman kafin su ba shi nasu lasisin, amma bai tilasta wa kowace jiha ta karɓi na wata ba. A 2013 an tsayar da wata mata mai 'ya'ya biyu daga Filadelfiya, Shaneen Allen, a kan laifin tuƙi a Niyu Jazi. Da bakinta ta gaya wa ɗan sandan tana da bindiga da kuma lasisin Fensilbeniya, aka kama ta, ta fuskanci ɗaurin da mafi ƙarancinsa shekara uku da rabi ne, kuma sai a 2015 Gwamna Chris Christie ya yi mata afuwa. Ita 'yar ƙasa ce. Kai da kake kan girin kad, dokar shige da fice ta sanya samun mutum da laifin da ya shafi bindiga cikin dalilan korarsa daga ƙasar, ko da ya shekara nawa yana biyan haraji. Wannan bambanci shi ne abokan aikinka haifaffun can ba za su tuna maka da shi ba, domin bai shafe su ba.

Za ka ji ana ambaton dokar tarayya ta 1986 da ta ba matafiyi damar ratsa kowace jiha da bindiga. Sharuɗɗanta a bayyane suke: a cire harsasai daga cikinta, a ajiye ta inda hannu ba zai kai daga wurin zama ba, idan kuma motar ba ta da but sai a kulle ta cikin akwati, banda aljihun gaban mota, sannan doka ta halatta maka riƙe ta a inda ka taso da inda za ka. Kan tirela ba shi da but, don haka akwati mai makulli ya zama dole. Amma idan Niyu Jazi ce inda za ka sauke kaya, ba ratsawa kake yi ba, kuma wannan doka ba ta rufe ka ba. A ranar da lodi ya nufi can, bindiga a gida ya kamata ta kwana. Ka kuma karanta takardar ɗaukarka aiki, domin kamfanonin sufuri da dama sun hana ajiye makami a motocinsu, kuma lasisin gwamnati ba ya hana su sallamar direba a kan haka.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne dokar tarayya da ta hana riƙe bindiga a tsakanin ƙafa 1,000, wato kimanin mita 300, daga harabar makarantar firamare ko sakandare. Ta keɓe wanda ke da lasisin jihar da makarantar take, kuma hukumar ATF, mai kula da dokokin bindiga na tarayya, ta fassara hakan da cewa lasisin wata jiha ba ya shiga ciki. A birni kamar Kolombus da wuya ka je kasuwa ka dawo ba ka gifta kusa da makaranta ba, kuma katin Ohayo ne kaɗai ke ba ka wannan kariya a garinku.

Bayan katin Ohayo ya zo hannunka, ka buɗe shafin babban lauyan gwamnatin kowace jihar da kake bi, ko na 'yan sandanta, ka ga ko akwai wadda ke karɓar na Yuta ba ta karɓar na Ohayo. A ganina zai yi wuya ka samu a kan hanyoyin da ka ambata, kuma idan babu, sabunta na Yuta ya zama na ganin dama. Taswirorin da ke yawo a wayoyi ba hujja ba ce a kotu, kuma yarjejeniya tsakanin jihohi takan canza da canjin gwamnati. Idan kuma a cikin shekaru biyar ɗin nan an taɓa samun ka da laifin dukan iyali, ko kotu ta ba da umarnin ka nisanci wani daga cikin iyalinka, to kada ka cike kowace takarda sai ka zauna da lauyan da ya san dokar bindiga da ta shige da fice, domin dokar tarayya ta haramta wa irin wannan mutum mallakar bindigar kanta.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Maigidana yana Amurka kuma yana da lasisin bindiga na can. Yana tunanin tahowa da ita idan zai zo hutu, saboda halin da hanyoyinmu suke ciki. Shin lasisin nasa zai yi aiki a nan? Daga wata mai karatu a Kaduna.

AMSA: Hajiya, ba zai yi ba, kuma ki taimaka ki hana shi. Lasisin da wata jiha a Amurka ta bayar ba shi da wani matsayi a Najeriya. Dokar Makamai ta 1959 ta sanya ƙananan bindigogi na hannu cikin jerin makaman da aka haramta wa farar hula sai da lasisin Shugaban Ƙasa, yayin da bindigar farauta ta zamani da makamantanta suke ƙarƙashin izinin Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Shigo da makami ba tare da izini ba laifi ne daban mai ɗauke da ɗauri, kuma ita ma Amurka tana da nata ƙa'idojin fitar da bindiga zuwa wata ƙasa. Ki ce masa kafin ya haɗa kaya ya zazzage jakunkunansa aljihu bayan aljihu, musamman wadda yake zuwa filin harbi da ita, domin harsashi ɗaya da ya maƙale a ɗinkin jaka ya isa jami'an filin jirgin Abuja ko na Kano su tsare shi.