Kan sarkin shigar Birtaniya Kasuwar Tarayyar Turai: a ɓamɓaro shi daga ambulan?

Malam, ka ce ka samu tsohuwar ambulan mai ɗauke da kan sarkin tunawa da shigar Birtaniya Kasuwar Tarayyar Turai, kana tambaya ko ka ɓamɓaro su ka adana. Don Allah kada ka taɓa su tukuna.

Fara duba tambarin gidan waya. Birtaniya ta shiga ƙungiyar ranar 1 ga Janairu 1973, aka fitar da kan sarkin ranar 3 ga wata, guda uku ne: ɗaya na feni 3, biyu na feni 5. Idan tambarin na 3 ga Janairu ne, to ambulan ranar farko ke hannunka, wato wadda aka buga wa tambari ranar da kan sarkin ya fito, kuma darajarta tana tare da tambarin nan. Da zarar ka raba su, shi ke nan, an yi asara. Sai dai kada ka sa ran kuɗi mai yawa, don irin wannan kan sarki da yawa ake buga shi, masu tarawa kuma sun ajiye tun ranar.

Wajen ajiya aka fi yin ɓarna. Danshi ke kawo ɗige-ɗigen nan masu ruwan ƙasa, ya kuma narkar da gam har takarda ta manne da takarda. Rana tana kashe launi. Salatif kuwa, tabon mansa ba ya fita har abada. Sa ambulan a ledar adana takardu marar sinadarin PVC, ka jera ta a tsaye, kada ka danne da kaya.

Kan sarkin da ba a liƙa ba, ɗauke shi da hantsaki mai faɗin baki. Haƙori ɗaya na gefensa ya gutsure, farashinsa ya faɗi.