Nawa ya rage a sarƙar ruɓewar sinadari mai rediyasho?

Malam, tambayarka ita ce: sinadari na farko yana ruɓewa ya haifi na biyu, shi ma na biyun yana ruɓewa, to yaya za a san adadin kowanne bayan lokaci t?

Mu kira na farkon uwa, na biyun kuma 'ya. Na uwar ba wuya. Ka fitar da λ (ma'aunin saurin ruɓewa) = 0.693 ÷ rabin-rayuwa, wato lokacin da rabin sinadarin ke ɗauka ya ruɓe, sannan N₁ = N₀e^(−λ₁t). N₀ adadin uwar ne tun farko, N₁ kuma abin da ya rage bayan lokaci t.

'Yar ce ke ruɗa mutane, domin ana zuba mata ta wani gefe tana zubewa ta wani, kamar tulu mai huda a ƙarƙashin famfo. Masanin lissafi Harry Bateman ya warware wannan a 1910. A dabararsa N₂ adadin 'yar ne, λ₁ ta uwar ce, λ₂ kuma ta 'yar. Idan babu 'yar tun farko:

N₂ = N₀ × λ₁/(λ₂ − λ₁) × (e^(−λ₁t) − e^(−λ₂t))

Gwada da sinadarin molybdenum-99 (Mo-99), mai rabin-rayuwar awa 66, da 'yarsa technetium-99m (Tc-99m), mai awa 6, wadda asibitoci ke amfani da ita wajen ɗaukar hoton cikin jiki. λ₁ kusan 0.0105 ce, λ₂ kuwa 0.1155. Za ka ga 'yar tana ta hawa har wajen awa 23, daga nan ta bi uwar suna raguwa tare. Wannan hawan ne na fi so ɗalibi ya zana da hannunsa.

Ka kula kada ka haɗa awa da shekara a lissafi ɗaya. Kuma ba duk Mo-99 ke zama Tc-99m ba, kusan kashi 88 cikin 100 ne, sai ka ninka N₂ da 0.88. Idan λ₁ da λ₂ sun zo daidai, dabarar ba ta aiki haka.

In kuwa maganar allurar majinyaci ce ko ajiyar shara mai rediyasho, ka miƙa wa masanin fiziks na asibiti ko jami'in kariya ya duba.