Amsoshin Tambayoyi: Littafin Nahawun Faransanci

Wata uwa daga Maradi ta rubuto cikin damuwa, tana cewa 'yarta za ta zauna jarrabawar BEPC, wato ta kammala ƙaramar sakandare, amma har yanzu tana rikita nau'o'in jimla, tana tambaya ko ta sayo mata babban littafin nahawu mai tsada.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, abin bai kai haka ba. Nau'o'in jimla a Faransanci huɗu ne kacal: ta ba da labari (Tu manges.), ta tambaya (Manges-tu ?), ta umarni (Mange !), da ta mamaki (Comme tu manges !), kuma ƙaramin littafin ajinsu ya ƙunshe su duka. Inda yara suka fi tuntuɓe shi ne tambaya, domin hanya uku ake yin ta: «Tu viens ?» a hira, «Est-ce que tu viens ?», sai «Viens-tu ?» wadda ta fi dacewa da rubutun jarrabawa. Korewa da «ne... pas» kuwa siga ce da ke shiga kowane nau'i, kada ta ƙirga ta na biyar.

Abin da nake jiye miki shi ne jabun littattafan da suka cika kasuwa, waɗanda aka yi wa fotokwafi a kan fotokwafi har tawada ta dushe. A Faransanci ƙananan alamomin da ke bisa wasula su ne ke raba ma'ana, domin «ou» na nufin «ko», «où» kuma na nufin «ina», kuma yarinyar da ta haddace «Ou vas-tu» daga shafin da alamar ta goge za ta rasa maki ba da laifinta ba. Araha ba ta ado, Hajiya. Kafin ki biya, ki buɗe tsakiyar littafin a cikin haske, ki duba alamomin da ɗan layin da ke cikin «mange-t-il», ki kuma tabbatar lambobin shafuka suna bin juna. Tsohon littafi na asali daga hannun wadda ta gama aji ya fi sabon jabu mai ƙyallin bango.

Wani ɗalibi daga Kano yana tambaya ko littafin Bescherelle na aikatau ya ishe shi. Ɗana, wannan jadawalin sarrafa aikatau ne, yana da amfani, amma ginin jimla sai littafin nahawu.

Mai tambayar manhajar da aka tallata masa cewa za ta koyar da shi Faransanci cikin mako ɗaya kuwa, Malam, ka riƙe kuɗinka. Wanda ya yi maka wannan alkawari aljihunka yake hari.