Tambaya da Amsa: Me ya sa baƙaƙen fatar Amurka ke ƙorafi kan maganin laimar kwaɗi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah na ga wani bidiyo a YouTube wai a Amurka yanzu ana ba masu ciwon damuwa wata laimar kwaɗi mai juyar da hankali, kuma baƙaƙen fata sai ƙorafi suke wai an ware su. Abin ya ɗaure min kai, ai ƙwaya ce, ba gara ma da aka ware su ba? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Toh ni dai a ganina ƙorafin nan nasu yana kan hanya, bari kiji daga inda abin ya faro.

Tun 1970 dokar Amurka ta sa LSD, wata ƙwaya mai juyar da hankali, da silosaibin, wato sinadarin da ke cikin wannan laima, a sahun ƙwayoyi mafi haramci, a 1971 kuma shugaba Nixon ya ɗaura ɗamarar yaƙi da ƙwaya. Su wa yaƙin ya fi ci? Unguwannin baƙaƙe. Dokar 1986 ma ta isa misali, giram 5 na dunƙulen koken (hodar iblis) wanda aka fi kama baƙaƙe da shi ɗaurin shekara 5 ne, amma ta hoda wadda masu hali ke shaƙa sai an kama mutum da giram 500 kafin a yi masa wannan hukuncin, kuma haka aka yi ta tafiya har 2010 kafin a rage tazarar, iyalai nawa suka tarwatse kafin nan Allah kaɗai ya sani.

Yau kuma an wayi gari ƙwayar da aka haramta jiya ta zama magani ta zama kasuwa. Jihar Oregon ta amince da silosaibin a 2020, Kolorado ta bi sahu a 2022, ana sha ne a cibiya mai lasisi da mai kula a gefe, zama ɗaya yakan haura dala 1,000 kuma inshorar lafiya ba ta biya. Kinga talaka ya fita kenan.

A wajen bincike ma haka. A 2018 wata mai bincike Monnica Williams da abokan aikinta sun bi gwaje-gwaje 18 na magani da irin waɗannan ƙwayoyi da aka yi daga 1993 zuwa 2017, cikin mutum 282 kashi 82 fararen fata ne, baƙaƙe kashi 2.5 kacal. Ga kuma tsoro, wanda wallahi ban ga laifinsu ba, domin a shekarun 1950 a Lexington ta jihar Kentucky wani likita Harris Isbell ya riƙa ɗura wa fursunoni LSD da kuɗin hukumar leƙen asirin Amurka CIA, yawancinsu baƙaƙe, wasu har kwana 77 a jere, ladansu kuma a ba su ƙwayar hiroyin. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake, balle a ce ya kwanta ya rufe ido ya miƙa hankalinsa ga baƙo na tsawon awa 6. Shi ya sa suke neman a horar da masu kula daga cikinsu, a sauƙaƙa kuɗi, a goge wa mutane tsofaffin laifukan ƙwaya.

Abin da ya fi ci min rai shine iboga, itacen Gabon da kudancin Kamaru mai juyar da hankali shi ma, da mabiya addinin Bwiti suka daɗe suna riƙe da shi. A 2025 jihar Texas ta ware dala miliyan 50 don binciken sinadarinsa, masu itacen kuwa ba kasafai ake jin muryarsu ba.

Amma Malama kada wani ya ɗauka na ce a sha. Ko a can hukumar kula da magunguna ta FDA ta ƙi amincewa da MDMA, wata ƙwayar mai juyar da hankali, a matsayin magani a 2024, iboga tana iya tsayar da zuciya, a nan gida kuma wanda NDLEA ta kama da LSD ko MDMA kotu zai gurfana. Mai ciwon damuwa ya je asibiti ya ga likitan ƙwaƙwalwa.