Ruwan sama na kwanciya a gindin bango

Malam, ka ce duk damina ruwa yana taruwa a jikin ginin gidanka, har fenti ya fara ɓarewa daga ƙasa. Don Allah kada ka jira wata daminar. Ruwan da ya kwanta a nan shi ke tausasa ƙasar da ke riƙe da fandisho, daga nan sai tsagewar bango.

Gyara gangaren tukuna. Ka yi ciko da jar ƙasa, a daddanna ta sosai, yadda daga bango zuwa mita 3 ƙasar za ta sauka da kamar santimita 15. Banda yashi, don ruwa ratsa shi yake yi ya koma gindin ginin. Kuma kada cikon ya kai tsayin daɓen ɗaki.

Sai indararo. Nan mutane suka fi sakaci: ruwan rufin gida gaba ɗaya yana zuba wuri guda, yana haƙa rami. Sa bututu ya kai shi kwata, sannan a zagaye ginin da daɓen siminti mai ɗan gangare.

In an yi ruwa mai ƙarfi, fita ka duba inda yake bi. Ka tabbata bai nufi katangar maƙwabcinka ba.