Yaushe furanni ke rufe hamadar Anza-Borrego?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna zaune a San Diego, a jihar Kalifoniya ta Amurka, ni da maigidana da yara. Na ga hotunan gandun hamadar Anza-Borrego furanni sun rufe ƙasa iya ganin ido. Da gaske haka wurin yake? In mun sa ranar tafiya a watan Maris za mu tarar da su?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Hotunan gaskiya ne, sai dai ba kowace shekara ake samun haka ba. Irin wannan cikar an gan ta a 2005 da 2017 da 2019. A sauran shekaru furen kan zo tsilla-tsilla, wata shekarar ma sai an duƙa an nema.

Abin da za ki tarar a Maris tun watannin baya ake yanke shi. A Kalifoniya ruwan sama a lokacin sanyi yake sauka, ba kamar daminarmu ba, kuma abin da kwarin Borrego ke samu a shekara bai wuce kimanin milimita 150 ba. Irin da waɗannan tsirrai ke zubarwa yana kwance cikin rairayi, yana iya yin shekaru a haka bai mutu ba. A ɓawonsa akwai sinadarin da ke hana shi tsira, kuma ɗan yayyafi ba ya wanke shi. Sai an sheƙa ruwa mai jiƙa ƙasa sosai, wajen Nuwamba zuwa Janairu, sannan ya farka. Wannan hikima ce babba, domin irin da ya tsiro a kan yayyafi ɗaya rana za ta ƙone shi kafin ya zubar da 'ya'ya. Bayan ya tsiro kuma yana son ruwa jefi-jefi, da sanyi marar tsanani. Iska mai zafi ta 'yan kwanaki a Fabrairu ta isa ta busar da komai.

Saboda haka kada ki kafe a kan rana ɗaya. Ki bar ƙofa a buɗe daga ƙarshen Fabrairu zuwa tsakiyar Maris, ki riƙa duba sanarwar furanni da hukumar gandun ke fitarwa. Tafiyar awa biyu ce a mota daga inda kuke, kin ga kina da damar jira har labari ya yi daɗi. Furen yakan fara daga ƙasan kwari, ya riƙa hawa tsaunuka yayin da zafi ke ƙaruwa, don haka wanda ya makara sai ya nufi tudu.

Idan shekara ta yi kyau, ku fara da hanyar Henderson Canyon, arewa da garin Borrego Springs. Nan ne wani fure mai launin shunayya da ake kira verbena ke shimfiɗa a kan yashi, ga fararen furannin da ke buɗewa da yamma su kwana a buɗe, ga masu ruwan ɗorawa sun ɗaga kai a samansu. Ki sa yara su tsuguna su duba ganye. Za su ga wasu manyan tsutsotsi masu ɗan ƙaho a gindi, suna cin furen ba ji ba gani, har sukan share fili cikin kwanaki kaɗan. Su kuma shaho ne ke cin su, wani irin shaho da ke tasowa tun daga Ajantina, yana yada zango a kwarin a daidai wannan lokaci. Akwai kuma okotilo, wanda za ki ɗauka busassun sanduna ne aka kafa. Kwana kaɗan bayan ruwa sai ya yi ganye shar, ya fitar da jan fure a kan kowane tsinke.

Ni dai shawarata, ko furen bai zo ba ku je. Gandun ya haura eka dubu 600, shi ne mafi girma cikin gandayen da jihar ke kula da su. Hanyar ƙafa ta Borrego Palm Canyon, kusan kilomita 5 zuwa da dawowa, tana kai mutum ga wata ƙorama da itatuwa dangin giginya a tsakanin duwatsu, kuma da sassafe akan ga ragunan dutse masu murɗaɗɗen ƙaho sun sauko shan ruwa. Daga wani tudu da ake kira Font's Point kuwa ana hango kwazazzabai birjik, inda aka tono ƙasusuwan raƙuma da dangin giwa na zamanin da. Hanyarsa yashi ce mai zurfi, ƙaramar mota za ta kafe.

Ku guji Asabar da Lahadi in da hali, domin a 2017 cunkoso ya kai gidajen abinci na garin suka ƙare kayansu. Kowa ya riƙe ruwa kamar lita 4 na yini, ku fita da asuba, kuma in hadari ya haɗu kada ku tsaya a cikin busasshen rafi. Tsinkar fure haramun ne a dokar gandun. Ki ja wa yara kunne su bi inda sawu ya riga ya bi, domin furen da aka tattake kafin ya nuna ba zai bar irin da zai jira ruwa na gaba ba.